Neman shawara: kalmar "bank" ta haɗa ni da shugaban sashenmu, ranar Litinin za a zauna

Malamar Turanci:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na ce uffan ba, amma yau damuwa ta tilasta mini buɗe baki, domin kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma ranar Litinin za a zauna a kan maganata.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, shekarata shida ina koyarwa a cikinta, kuma ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba. Kafin in faɗi abin da ya faru, ina so ku san yadda aka yi na shaƙu da asalin kalmomi, kada a ɗauka neman suna ne ya kai ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne, kuma ya bar mana wani tsohon ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya cire har aka ɗaure shi da zare. Tun ina ƙaramar sakandare nake zama da shi bayan sallar isha'i, ba don neman ma'anar kalma ba, sai don ɗan bayanin nan da ake rubutawa a ƙarshe da ƙananan haruffa, wanda yake faɗin harshen da kalmar ta fito daga cikinsa. Yayyena sukan ce ɓata lokaci nake yi, mahaifiyata kuwa takan ƙara mini kananzir a fitila ta bar ni. Da na shiga kwalejin horon malamai wannan sha'awar ce ta sa na zaɓi Turanci, alhali ana ta ba ni shawarar in ɗauki lissafi saboda an fi neman malamansa. Har yau ƙamusun yana cikin jakata, kuma da shi nake shiga aji.

A zangon da ya wuce mun zo kan darasin kalmomin da littafinmu ya kira homonyms, wato kalmomi biyu da suka yi kama a rubutu da furuci amma ma'anarsu ta sha bamban. Misalin farko da littafin ya kawo shi ne bank na ajiyar kuɗi da bank na gaɓar kogi, kuma ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa babu abin da ya haɗa su. Ni kuma na san cewa idan aka bi salsalarsu, dukkansu biyu suna komawa ga tushe guda da kalmar bench, wadda mu Hausawa muka ara muka mai da ita benci. Sai na gaya wa ɗalibaina cewa littafin ya yi kuskure, na zana musu bishiyar dangin kalmar a allo, na ce su soke wannan misali su rubuta wani. Yaran sun ji daɗin darasin ƙwarai, har wasu suka biyo ni ɗakin malamai da tambayoyi.

Da jarrabawa ta zo, kalmar ta fito. Ajinmu biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya na abokin aikina, kuma shi ya duba takardun wannan sashe. Ɗalibaina 19 cikin 41 sun amsa yadda na koya musu, ya ba su sifili a tambayar, maki huɗu suka tafi. Wata yarinya da take zuwa ta ɗaya tun shigarta makarantar ta koma ta uku saboda waɗannan maki huɗun, mahaifinta ya zo da kansa. Yanzu shugaban sashenmu ya ce in rubuta takarda in amsa cewa na koyar da kuskure, sannan in tsaya gaban ajin in janye maganata. Idan na rubuta, na yi wa kaina ƙarya, kuma takardar za ta shiga fayil ɗina. Idan na ƙi, aikin nan da shi nake riƙe da 'ya'ya uku. Don Allah ku ba ni shawara, shin ni ce na yi kuskure, ko kuwa ana so a danne gaskiya ne?

Hajiya, uwar 'yan sakandare:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki rubuta takardar ki huta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni ban san komai game da asalin kalmomi ba, amma na san abin da uwa take ji idan ta biya kuɗin makaranta da gumi, sannan ɗanta ya rasa maki a kan saɓanin da ke tsakanin malamai. Bara haka aka yi wa ɗana a lissafi, malamin ajinsu ya koya musu wata hanya, wanda ya duba takarda ya ce shi bai san da ita ba, na yi sawu huɗu a makarantar ba wanda ya saurare ni, daga ƙarshe aka ce in yi haƙuri an riga an buga sakamako. Har yau yaron ba ya son jin sunan lissafi. Ku malamai ku sasanta tsakaninku kafin ku shiga aji, kada ku riƙa mai da 'ya'yanmu filin gwada ilimi.

Tsohon malamin harsuna:

'Yata, na karanta bayaninki sau biyu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da wannan fanni kafin in ajiye aiki, saboda haka ki ba ni hankalinki, zan warware miki zaren daga farko.

A Turanci ba bank biyu ba ne, uku ne, kuma babban ƙamus na Oxford mai bin tarihin kalmomi ya ba kowanne suna gurbinsa daban. Na farko shi ne na tudu da gangare da gaɓar kogi. Ya bayyana a rubuce wajen shekarar 1200, kuma daga bakin mutanen Sikandinebiya na arewacin Turai ya shiga, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9 suka zauna suka yi auratayya da 'yan ƙasa. A tsohon harshensu bakki shi ne gaɓa ko tudu, har gobe mutanen Denmak bakke suke ce wa tudu. Daga wannan ne aka samu tarin yashi a cikin teku, da tarin gajimare, da karkatar da jirgin sama yake yi idan zai yi kwana, domin duk siffar gangare ce.

Na biyu shi ne na jeri. Daga Faransanci ya zo, daga banc, bencin da matuƙan jirgin ruwa suke zama a kai suna tuƙi da filafili a jere. Shi ya sa Bature yake kiran jerin injuna ko jerin maɓallan lantarki da wannan suna.

Na uku shi ne na kuɗi, kuma shi ne ɗan auta, domin sai a ƙarshen ƙarni na 15 ya shiga Turanci. Hanyarsa ta fi ta kowa tsawo. Ƙabilun Jamusawan dā, irin su Lombardawa da suka shiga Italiya a shekarar 568, su suka kai wa mutanen can kalmarsu ta benci, ta zama banca da banco. 'Yan canjin biranen Italiya a kan benci ko teburi suke shimfiɗa kuɗinsu a kasuwa, kamar yadda duk wanda ya taɓa zuwa Wapa a Kano ya ga 'yan canji zaune a kan bencinansu, sai sunan abin zaman ya koma sunan sana'ar. Gidan Medici ya kafa bankinsa a Florence a 1397, aka kafa na San Giorgio a Genoa a 1407, kalmar ta bi kuɗin ta ratsa Faransa a matsayin banque ta isa Ingila, tun kusan shekara ɗari biyu kafin a kafa Bankin Ingila a 1694.

To, waɗannan uku, tare da bench wanda shi ɗan gida ne tun a tsohon Turanci, duk daga tsatso guda suke a tsohon harshen da ya haifi Jamusanci da Turanci da harsunan Sikandinebiya, kuma ma'anar tsatson ita ce wuri mai ɗan tudu, ko na ƙasa ko na katako. A Jamusanci har yau Bank ake ce wa benci, Bank ake ce wa banki, sai a jam'i suke rabuwa, Bänke da Banken. Saboda haka jimlar littafinku da ta ce babu abin da ya haɗa su ba daidai ba ce.

Malamar Turanci:

Allah ya saka maka da alheri, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi sai da na yi hawaye da na karanta, domin abin da na zana a allo ke nan, sai dai ban san na jeri da na Jamusancin ba. Zan buga bayaninka a takarda in tafi da shi zaman Litinin, in ajiye a gaban shugaban sashe da abokin aikina su gani da idonsu cewa ba daga kaina na ƙirƙiro ba. Ke kuma Hajiya, na ji zafin da kika ji, amma ki duba, ni ba gwada ilimi na yi ba. Idan na ga kuskure a littafi na yi shiru, ranar da yaran nan suka gano gaskiya da wane ido za su kalle ni?

Tsohon malamin harsuna:

A'a, 'yata, kada ki yi gaggawa, ban gama ba, kuma rabin da ya rage ba zai yi miki daɗi ba. Kin yi daidai a tarihi, amma kin yi kuskure a hukunci, kuma kuskuren hukuncin shi ya ci makin yaran.

Masana ilimin ma'ana ma'auni biyu suke ɗorawa idan za su raba kalmomi biyu masu kama da juna da kalma ɗaya mai rassan ma'ana. Masanin harshe John Lyons ya yi dogon bayani a kansu a aikinsa na 1977. Ma'auni na farko shi ne asali, na biyu kuma shi ne ko mai magana da harshen a yau yana jin dangantaka tsakanin ma'anonin. Waɗannan biyun sukan saɓa, kuma idan sun saɓa, a darasin harshen yau na biyun ake bi. Ki ɗauki pupil, ɗalibi da kuma ƙwayar ido: asalinsu ɗaya a Latin, amma babu Baturen da yake jin suna da alaƙa. Ki ɗauki ear, kunne da kuma zangarniyar hatsi: mutane da yawa suna zaton zangarniya kunnen kara ce, alhali kalmomi biyu ne daban tun a tsohon Turanci. Flower da flour, fure da garin alkama, kalma ɗaya ce a dā, yau ko a rubutu sun raba gari. Idan asali kaɗai za a bi, sai ki ce wa yara banquet, wato walima, ita ma bank ce, tunda daga ƙaramin bencin Italiyawa ta fito.

Ki dawo gida ki gani. Idan muka ce bakin mutum, bakin kogi, bakin wuƙa, bakin kasuwa, kowane Bahaushe yana jin cewa baki ɗaya ne ya yi rassa. Haka rana ta sama da rana ta kwanan wata, haka wata na sama da wata na kwana talatin. Wannan ita ce kalma mai rassa, wadda littafinku zai kira polysemy. A cikin bank ma akwai irinta: daga na kuɗi aka samu blood bank, sunan da likita Bernard Fantus ya raɗa wa ma'ajiyar jinin da ya buɗe a Chicago a 1937, aka samu power bank da kowa yake cajin waya da shi, aka samu bank on, wato dogara da abu kamar yadda ake dogara da ajiya. Duk waɗannan ajiya ce take haɗa su, yaro ma zai gani. Amma tsakanin ajiyar kuɗi da gaɓar kogi babu gadar da ta rage. Sun rabu fiye da shekara dubu, sun shiga Turanci ta ƙofofi daban, kusan ƙarni uku tsakani. 'Yan'uwa ne na nesa da suka haɗu a baƙon gari sanye da riga iri ɗaya. Saboda haka bank homonym ne, kuma misali ne mai kyau. Dalilin littafin ne gurgu, hukuncinsa lafiyayye ne. Ki amsa wannan a gaban ajin, ba kunya a ciki.

Mai fassarar labarai:

Malama, ni a wajen aikina na ga illar wannan kalma. Akwai ranar da wani sabon yaro ya fassara West Bank da Bankin Yamma, alhali ana maganar yankin Falasɗinawa ne da ke gaɓar yamma da Kogin Jordan, wanda Larabawa suke kira Diffa al-Garbiyya. Ni ne na kama kuskuren kafin a karanta, amma da aka zo taron mako sai aka ɗora mini laifin rashin horar da shi, wanda ya ɗauke shi aiki ba tare da gwaji ba kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Shekara tara ina gyara aikin wasu, ƙarin girma kuma sai ya tsallake ni ya faɗa kan waɗanda nake gyara wa. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, mai koyon Turanci ya fi bukatar a raba masa ma'anonin nan da a haɗa masa su, don wanda aka ce wa kalma ɗaya ce shi ne zai je ya rubuta Bankin Yamma. Amma fa ban yarda ki rubuta takarda ba. Abin da aka faɗa da baki iska take ɗauka, abin da ya shiga fayil kuwa yana nan yana jiran ranar da za a neme ki da laifi. Ki ba da haƙuri da baki, kada ki sa hannu a komai.

Ɗan'uwa daga Damagaram:

Salamu alaikum. Mu da muka yi karatu da Faransanci wannan rigima ba ta taso mana ba, domin banc shi ne benci, banque shi ne banki, na farko namiji ne ta biyu mace, gaɓar kogi kuma rive ko berge ake cewa. Amma tarin yashi a cikin ruwa banc de sable ne, ga tudu da benci sun sake haɗuwa a kalma guda, abin da yake ƙarfafa maganar Malama cewa dangantakar ba ta mutu ba. Ni a ganina, Baba, da girmamawa, ka tsananta mata. Tunda kai da kanka ka ce ma'auni biyu ne kuma sun saɓa, yaron da ya bi ɗaya daga ciki bai cancanci sifili ba. Malama, ki nemi a raba makin, biyu-biyu, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Wani mai kishin harshe:

Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Baba ya ce bakki shi ne gaɓa a harshen mutanen arewacin Turai, mu kuma baki muke cewa, bakin kogi. Wannan bai isa hujja ba cewa daga wajenmu suka ɗauka? Kullum sai a ce mu muka ara, ba a taɓa cewa an ara daga gare mu. Malama, ki tsaya a kan bakanki, ki ƙara musu da wannan.

Tsohon malamin harsuna:

Ɗana, kishinka abin yabo ne, amma kada ka ƙara wa Malama kaya. Kamannin sauti ba hujja ba ne. Bakki ɗin nan asalinsa da harafin n a tsakiya, daga baya ya narke a cikin k, shi ya sa Turanci ya riƙe bank da n ɗinsa. Baki namu kuwa asalin ma'anarsa bakin da ake ci da magana da shi, ma'anar gefe daga baya ta tsiro, kuma Hausa 'yar dangin harsunan Chadi ce, ba ta haɗa kaka da harsunan Jamusawa ba. Haɗuwa ce kawai ta sauti. In kana neman abin mamaki na gaskiya, ga shi: Hausa ta ari banki ta ari benci, ba tare da ta san wa da ƙane ta shigo da su gida ba. Sannan muna da namu bankin na asali, wanda ake yi wa riga idan ta yage, a ce an yi mata banki. Wannan da bankin kuɗi su ne cikakken misalin kalmomi biyu da ba su haɗa komai ba sai sauti.

Kai kuma na Damagaram, raba maki sulhu ne na kasuwa, ba na ilimi ba. Ban ga yadda za a ba da rabin maki a kan amsar da ba ta amsa tambaya ba.

Mataimakin shugaban wata makaranta:

Malama, ana ta magana amma akwai abubuwa biyu da ba ki faɗa ba, kuma a kansu zaman Litinin zai tsaya, ba a kan Lombardawa ba. Na ɗaya, yaya aka rubuta tambayar kalma da kalma? Na biyu, a makarantun da na sani, idan aji biyu za su yi jarrabawa ɗaya, akan ba kowane malami takardar tambayoyi da ta amsoshi ya duba kafin a buga. An ba ki ko ba a ba ki ba? Sannan tun da kika soke misalin littafi, kin sanar da abokin aikinki ko shugaban sashe?

Malamar Turanci:

Ranka ya daɗe, tambayar cewa ta yi a rubuta jimla biyu da za su nuna cewa bank homonym ne. Yarana kuma suka rubuta cewa ba homonym ba ne, suka kawo bayanin benci, wasu har da zanen bishiyar. Game da takardar tambayoyi, gaskiya an turo mini ita, amma a makon ne ƙaramin ɗana yake kwance a asibiti, kuma ina da takardun gwaji na aji huɗu da ban gama dubawa ba, saboda haka na sa hannu ban bi ta layi-layi ba. Wannan ba ni kaɗai nake yi ba, kowa a sashen haka yake yi. Ban sanar da abokin aikina ba kuwa domin ba ya karɓar gyara daga wajena, na taɓa gwadawa a kan wani abu dabam ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Baba, na karanta bayaninka na biyu sau uku, kuma ban ƙi shi ba, amma ina da abin cewa. Ƙamusun Oxford na masu koyo, wanda makarantar da kanta ta ce kowane ɗalibi ya saya, a sababbin bugunsa ya jera na kuɗi da na kogi da na injuna duk a ƙarƙashin bank guda ɗaya. Idan masu ƙamus da kansu wani ya raba wani ya haɗa, don me ni kaɗai za a ce in tsaya gaban yara in ce na yi kuskure? Kuma littafin bai ce ma'anarsu ta yi nisa ba, cewa ya yi babu abin da ya haɗa su, wannan kuwa kai ma ka ce ba daidai ba ne. Ni abin da na gyara ke nan. Yaran da suka sami sifili su ne suka fi kowa sauraro a ajin, waɗanda suka yi barci suka haddace littafi su suka cinye makin. Wane darasi na koya musu ke nan idan na janye?

Tsohon ma'aikacin banki:

Malama, ki tsaya da ƙafarki. Shekara ashirin da shida na yi a banki, kuma a horon farko aka gaya mana cewa a Italiya idan ɗan canji ya kasa biyan mutane, sai a zo a karya bencinsa a bainar jama'a, daga nan aka samu kalmar bankrupt, wato wanda jarinsa ya karye. Kin ga ashe bencin yana cikin kalmar har yau. Ni da aka zo rage ma'aikata, waɗanda suka yi ta sa hannu a takardun amsa laifi don a zauna lafiya su aka fara sallama, ni ma ban tsira ba, kuma haƙƙina sai da na yi shekara biyu ina bi. Ki tsallake shugaban sashen ki kai maganar wajen mai makarantar kai tsaye.

Tsohon malamin harsuna:

Alhaji, kalmar daga banca rotta take, karyayyen benci, ta shiga Turanci a ƙarni na 16, wannan haka yake. Amma labarin karya bencin, ko Samuel Johnson da ya kawo shi a ƙamusunsa na 1755 da "an ce" ya fara shi. Mu ma idan jarin ɗan kasuwa ya ƙare cewa muke yi ya karye, ba kuwa wanda ya taɓa masa ƙashi ko teburi. Kuma shawarar tsallake shugaba ita ce mafi haɗari da aka bayar a nan.

'Yata, ƙamusun masu koyo ya haɗa su ne don sauƙin nema, ba fatawa ya bayar ba. Tsohon bugun da na yi karatu da shi lamba ɗaya, biyu, uku ya sa musu. Kuma ba dalilin littafin kaɗai kika gyara ba, kin ce a soke misalin, nan ne kika zarce. Ga abin da za ki yi, ba wani ba: ki rubuta takardar da hannunki kafin a rubuta miki, ki ce tarihin da kika koyar daidai ne, hukuncin da kika ɗora a kansa ne kuskure, kuma kin sa hannu a tambayoyi ba ki duba ba. Ki roƙi a soke tambayar ga ajin biyu gaba ɗaya, a sake lissafin maki. Sannan ki shiga aji ki koyar da ma'aunan nan biyu, da pupil da ear da baki da banki, darasin zai fi na farko armashi.

Malamar Turanci:

Na gode, Baba, na gode wa kowa. Soke tambayar ba zai yiwu ba, domin an riga an raba sakamako, kuma yaron da ya zo na ɗaya yanzu ɗan ajin abokin aikina ne, iyayensa ba za su yarda ba. Maganar sa hannu kuwa, idan na rubuta ta da kaina na ba su sandar dukana, alhali har yanzu ba wanda ya tayar da ita. Ina tunanin in tafi da ƙamusun biyu, na mahaifina da na makaranta, in buɗe musu su gani, in ce na yarda in ƙara wa yara bayani amma ba zan kira shi janyewa ba. Ban dai yanke ba tukuna. Akwai wanda ya san ko shugaban sashe yana da ikon sa takarda a fayil ɗin malami ba tare da sa hannun malamin ba?

Hajiya, uwar 'yan sakandare:

Ƙanwata, ita yarinyar da ta koma ta uku fa, akwai wanda ya zauna da ita a cikinku?